DARASIN KIWON LAFIYA: MAN KIFI DA CIWON LUFUS

Darasinmu na wannan wata a kan wani ciwo ne da ba kowa ya san sunansa ba, da kuma wani kafso da ake sayarwa a kemis da kasuwanni, ana cewa yana maganinsa. Sunan ciwon lufus. Kafson kuwa shi ne na man kifi, wanda ake rubuta Omega-3 a jikin kwalbarsa. Tambayarmu ita ce: mai lufus ya sha man kifi ko kada ya sha? In kuma kuɗi ba su isa a sayi komai ba, me za a fara saya?

Ku karanta a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna, musamman mata, domin su ciwon ya fi kamawa.

MENE NE LUFUS?

Kowane mutum yana da abin da ake kira garkuwar jiki. Aikinta irin na karen gadi ne. Karen gadi ya san 'yan gida, ya san baƙo. In ɓarawo ya hauro katanga, shi zai kama. Haka garkuwar jiki take kama ƙwayoyin cuta in sun shigo. To, a jikin mai lufus karen ne ya rikice. Ya daina bambanta ɓarawo da 'yan gida. Sai garkuwar ta juya tana yaƙar fatar mutum, da gaɓoɓinsa, da jininsa, da ƙodarsa, wani lokaci har zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Duk inda ta taɓa, sai wurin ya kumbura ya yi zafi.

A cikin mutum 10 masu lufus, 9 mata ne. Yawanci yana fara musu tsakanin shekara 15 zuwa 45, wato lokacin aure da haihuwa da aikin ƙarfi. A Amurka an ga ya fi kama baƙaƙen mata fiye da farare, kuma ya fi yi musu tsanani. A da ana zaton babu shi sosai a Afirka. Yanzu likitocin ƙasarmu suna ganinsa a manyan asibitoci. Ashe da ma yana nan, gane shi ne ba a yi.

Gane shi kuwa da wuya, domin yana kama da cututtuka da yawa. Mace za ta riƙa zazzaɓi yana tafiya yana dawowa. An sha maganin zazzaɓin cizon sauro, an sha na taifot, ba sauƙi. Gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu da gwiwa suna ciwo, da safe su sage. Ga gajiya wadda barci ba ya kawar da ita. Gashi yana zuba wajen kitso. Gyambo yana fitowa a cikin baki. Wasu fatar kumatunsu da karan hancinsu takan canja launi, ta yi siffar malam-buɗe-littafi in ya buɗe fukafukansa, kuma shiga rana yana ƙara tayar da ita. Wasu matan ɓari suke ta yi ba a san dalili ba. Mafi haɗari shi ne in ciwon ya shiga ƙoda. Alamarsa kumburin ƙafa da fuska, da fitsari mai kumfa kamar an kaɗa sabulu, da hawan jini.

Ba kowace mai ciwon gaɓoɓi ce take da lufus ba. Likita ne yake tabbatarwa, da awon jini da awon fitsari. A katin asibiti za ku ga ya rubuta Lupus, ko haruffa uku, SLE.

Lufus ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta shimfiɗa, ko ta aure. Ba sammu ba ne, ba kuma hannun kishiya ba ne. Kada a raba zumunci a kan ciwon da ba wanda ya sa shi.

Har yanzu ba a sami maganin da yake raba mutum da lufus ɗungum ba. Amma akwai magungunan da suke kwantar da shi, mace ta yi aikinta, ta haihu, ta ga jikokinta. Halinsa ne ya lafa, ya tashi, ya sake lafawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Babban maganinsa ɗan'uwan kulorokwin ne, wanda manya suka sani tun zamanin da ake shan sa don zazzaɓi. A jikin kwalinsa an rubuta Hydroxychloroquine. Kusan duk mai lufus ana ba shi wannan, kullum, shekara da shekaru. Wanda ya daɗe yana sha, likita zai riƙa tura shi awon ido. In ciwon ya tashi, ana ƙara wani mai suna Prednisolone. In ya shiga ƙoda, akwai wasu masu ƙarfi.

A shekarar 1991 likitoci a ƙasar Kanada suka ba da labarin wani gwaji. Sun ɗauki mutum 47 da ciwonsu ya lafa saboda suna shan ɗan'uwan kulorokwin ɗin nan. Suka raba su gida biyu. Gida ɗaya ya ci gaba da sha. Gida na biyu aka canja musu da ƙwaya wadda ba magani a cikinta. Cikin wata shida, ciwon ya tashi ga gida na biyu fiye da ninki biyu na gidan farko. Wato lafawar ciwo ba warkewa ba ce. Maganin ne yake riƙe da shi.

MENE NE OMEGA?

Mai da kitse iri-iri ne. Akwai waɗanda jiki yake iya haɗa wa kansa. Akwai kuma iri biyu da ba ya iyawa, tilas sai an ci su a abinci. Masana suka ba su suna omega-6 da omega-3. Lamba ce kawai ta bambanta su, kamar yadda ake ba irin masara lamba.

Omega-6 muna da shi a wadace. Yana cikin man gyaɗa da man riɗi da man auduga da masara. Omega-3 ne ya yi mana ƙaranci, domin ya fi yawa a jikin kifin teku mai mai, mu kuwa nesa muke da teku. Kashi biyu ne a cikinsa suka fi amfani, ana rubuta su EPA da DHA. Ku koyi haruffan nan shida, domin su za ku nema a jikin kwalba.

Labarin omega-3 ya bazu ne daga shekarar 1970. A shekarar ce wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Denmak, Bang da Dyerberg, suka tafi tsibirin Girinlan, ƙasar ƙanƙara, inda abincin mutane kifi ne da kitsen dabbobin teku. Suka auna jinin mutanen, suka tarar da omega-3 mai yawa a ciki. Daga baya suka ga kuma in mutanen sun yanke, jininsu yakan ɗan daɗe bai tsaya ba.

To, me ya haɗa mai da lufus? Kumburi kamar wuta ne a cikin jiki. Jiki yana amfani da man da muka ci ya haɗa wasu sinadarai. Waɗansu suna hura wutar, waɗansu suna yayyafa mata ruwa. Daga omega-3 jiki yake samun da yawa daga cikin masu yayyafa ruwan. Shi ya sa likitoci suka ce, tun da lufus ciwon kumburi ne, bari a gwada man kifi a gani. Wannan ba ya nufin man gyaɗa guba ne. Jiki yana bukatarsa, kada kowa ya zubar da nasa.

ABIN DA AKA GANI DA AKA GWADA

Tunani daban, gwaji daban. Ga yadda ake gwajin. Ana raba marasa lafiya gida biyu. Ana ba gida ɗaya man kifi, ana ba ɗaya gidan kafso mai kama da shi amma ba man kifi a ciki. Mara lafiya bai san wanne aka ba shi ba, likitan da yake duba shi ma bai sani ba, don kada son rai ya shiga.

A birnin Belfas na Ailan ta Arewa an yi haka da mutum 60, aka ba da labarin a 2008. An ba su giram 3 na omega-3 kullum har mako 24. Waɗanda suka sha, alamun ciwonsu sun ɗan ragu, jijiyoyin jininsu kuma sun fi buɗewa yadda ya kamata. Wannan labari ne mai daɗi.

Amma a birnin Baltimo na Amurka, a Jami'ar Johns Hopkins, an sake gwadawa da mutum 85, aka ba da labarin a 2013. Su ma giram 3 aka ba su kullum, har mako 12. Ba a ga wani bambanci ba tsakanin gida biyun wajen ƙarfin ciwon ko jijiyoyin jini. Hasali ma, wani irin kitse na jini da ba a son ya yi yawa ya ɗan ƙaru ga waɗanda suka sha.

Ƙoda fa? Tun 1993 aka ba da labarin gwajin Kanada, wanda aka fara da mutum 26 da lufus ya taɓa ƙodarsu. Man kifi bai gyara aikin ƙodar ba. Bai rage sinadarin gina jiki da yake zuba a fitsari ba. Bai sa an rage musu maganin asibiti ba.

Ku lura da abu uku a nan. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, ba su kai yawan mahalarta ɗaurin aure ɗaya ba. Sakamakon ya saɓa wa juna. Na uku kuma shi ne mafi muhimmanci: a duk gwaje-gwajen nan ba a ce wa kowa ya ajiye maganinsa na asibiti ba. Ƙari aka yi musu a kai. Iyakar abin da za a iya cewa shi ne, mai yiwuwa man kifi yana ɗan rage wa wasu alamun ciwon. Kamar man shanu yake a kan tuwo. In akwai shi, madalla. Amma ba a taɓa ƙoshi da man shanu ba tuwo.

Mun ce halin lufus ne ya lafa ya tashi. Nan ne masu talla suke cin kasuwarsu. A ce mace ta sayi kwalba lokacin da ciwo ya yi tsanani. Bayan mako uku ya lafa, kamar yadda da ma yake yi. Sai ta ce kafson ne. Ta ajiye maganin asibiti, ta gaya wa maƙwabta. Ita kuwa ƙoda ba ta kuka da wuri. Tana iya lalacewa a ɓoye wata da watanni, mai ita tana jin kanta garau. Ranar da ƙafa ta kumbura, aiki ya riga ya yi nisa. Ƙodar da ta mutu sai wankin ƙoda da inji, sau biyu ko uku a mako, kuma kuɗinsa yana cinye gona da shanu. Shi ma Prednisolone, wanda ya daɗe yana sha ba ya yanke shi dare ɗaya. Yin haka yana iya kayar da mutum. Likita ne yake rage shi kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma masu lasifika da suke tallan "mai ƙara ƙarfin garkuwar jiki". Mai lufus ya wuce su. Karen da yake cizon 'yan gida ba ƙarin ƙarfi yake bukata ba.

MU YI LISSAFI

Ga inda karatunku zai yi muku rana. A gaban kwalba za ku ga an rubuta 1000 mg da manyan lambobi. Haruffan mg suna nufin miligiram. Miligiram 1,000 shi ne giram 1. Amma wannan nauyin man ne gaba ɗaya, ba nauyin omega-3 ba. Ku juya bayan kwalbar, ku nemi EPA da DHA a ƙananan rubutu. A kafson da aka fi sayarwa za ku ga EPA 180, DHA 120. In kun haɗa, 300 ke nan.

A Belfas giram 3 aka ba mutane, wato miligiram 3,000. A raba 3,000 da 300, ya ba da 10. Ke nan kafso 10 a rana irin na kemis. Mako 24 kwana 168 ne. Kwana 168 sau 10 ya zama kafso 1,680. In kwalba tana da kafso 60, ana bukatar kwalba 28. Ku tambayi mai kemis kuɗin kwalba ɗaya, ku ninka sau 28, ku ga ko buhun gero nawa ne.

Ba mun ce kowa ya haɗiyi kafso 10 ba. Kada a yi haka sai da umarnin likita. Abin da lissafin ya nuna shi ne, mai shan ɗaya a rana yana samun kashi ɗaya ne cikin goma na abin da aka gwada.

Wata kwalbar an rubuta mata Omega 3-6-9, har ta fi tsada, wai uku ne a haɗe. Omega-6 da omega-9 suna nan cikin man gyaɗar da yake madafinku. Sayen su a kafso sayen abin da kuke da shi ne a gida.

Ku duba lambar hukumar NAFDAC. Kwalbar da ba ta da ita, kada ku saya. Amma lambar shaida ce ta an yi wa kayan rajista, ba shaida ba ce ta yana warkar da lufus. Ku duba kuma inda aka rubuta EXP, nan ne wata da shekarar da kayan zai lalace. Man kifi ba ya jure zafi. Kwalbar da ta yini a faranti cikin ranar bazara, kafsonta sun manne da juna, ta tashi daga aiki. Ku huda ɗaya ku sunsuna. Ɗan ƙarni ba laifi. In kuwa wari ne mai ɗaci irin na tsohon mai, a zubar.

WANDA ZAI YI HATTARA

Kun tuna mutanen Girinlan da jininsu yake daɗewa bai tsaya ba? Wasu masu lufus jininsu yana yawan daskarewa a jijiya, saboda haka likita yakan ba su maganin tsinka jini, irin su Warfarin ko asfirin. Mai shan waɗannan kada ya ƙara man kifi sai likitansa ya sani. In ya ga haɓo, ko jini a dasashi, ko jinin al'ada ya wuce ƙima, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ya tafi asibiti a ranar. Haka wanda za a yi wa tiyata ko cire haƙori, ya faɗa tun kafin ranar.

Shan man kifi da yawa yana iya sa zuciyar wasu ta riƙa bugawa ba bisa ƙa'ida ba, musamman masu ciwon zuciya. Ƙananan damuwarsa kuwa su ne gyatsa mai ƙarni, da ƙwannafi, da gudawa. Shan sa tare da abinci yana rage su. Wanda cin kifi yake sa masa ƙaiƙayi ko kumburin baki, ya tambayi likita tukuna.

Mai ciki ta lura da kyau. Akwai wani mai da ake tatsa daga hantar kifi, ana rubuta masa Cod Liver Oil. Ba ɗaya suke da man kifi ba. Yana da bitamin A da yawa, shi kuwa in ya yi yawa yana cutar da ɗan da yake ciki. Mace mai lufus da take son haihuwa ta shawarci likita tun kafin ta ɗauki ciki. An fi son ciwon ya lafa wata shida tukuna, kuma akwai magungunan da ake canja mata.

KIFIN KANSA

Abin da yake cikin kafso daga kifi aka tatso shi. Don haka wanda ya sami kifin ya sami man, ya kuma sami nama da ƙarfin jiki a kai. Likitocin zuciya suna ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako, musamman mai mai.

A cikin kifin ƙanƙara, titus da shawa ne masu mai. Fanla ba shi da shi sosai. Kifin gwangwani na sadin ma yana da shi: gwangwani ɗaya ya kai wajen kafso uku irin na kemis. Sai dai yana da gishiri, saboda haka mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya tambayi likita yawan da zai ci. Sa kifi a miya ko gasa shi ya fi a soya shi ƙayau cikin mai.

Kifinmu na kogi da tafki, irin su tarwaɗa da karfasa, abinci ne mai kyau, amma omega-3 ɗinsu bai kai na kifin teku ba. Waken soya da awara suna da wani irin omega-3 na tsiro. Jiki yana juya kaɗan ne kawai daga cikinsa ya zama EPA. Duk da haka ya fi babu, ga shi kuma muna noma shi.

A gida da yawa, in aka sayo kifi, tsoka ta maigida ce, kai da ƙaya na mata. In akwai mai lufus a gidan, a fara cire rabonta.

IN KUƊI SUN GAZA

Maigida, in abin hannunka bai isa komai ba, fara da maganin da likita ya rubuta. Bayansa kuɗin mota da na awon fitsari da awon jini a ranar da aka ce ku koma, ko da tana jin sauƙi. Sai kifi a kasuwa. Kafson man kifi shi ne na ƙarshe, in an sami rara, kuma likita ya yarda. A rage mata aikin tsakar rana a gona, ta riƙa rufe jikinta da fuskarta daga rana. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Likitocin da suka ƙware a kan irin wannan ciwo suna manyan asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Maiduguri. Ma'aikacin lafiya na garinku ko babban asibitin ƙaramar hukuma zai ba ku takardar turawa. In za ku tafi, ku zuba duk abin da take sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku ajiye a gaban likita. Ba abin kunya ba ne. Ta ce, "Likita, ga wannan ƙanwata ta aiko mini daga birni. In sha, ko in bari?"

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya nemo kwalbar magani da ta ƙare, ko kwalinta, ya kawo aji. A nemo lambar NAFDAC da inda aka rubuta EXP, a karanta watan da shekarar da ƙarfi. Sa'an nan a yi wannan lissafi a allo: wata kwalba tana da kafso 90, a bayanta an rubuta EPA 360, DHA 240. Omega-3 nawa ne a kafso ɗaya? In likita ya ce a sha biyu a rana, kwana nawa kwalbar za ta yi?